Zuwa Newark, Garin da Whitney Houston Ta Koyi Amshi

Tsakanin New York da Newark bai wuce tafiyar minti 20 a jirgin ƙasa ba, amma da wuya ka ga baƙon da ya ƙetare kogin Hudson da niyyar ganin Newark kanta. Filin jirgin sama ne ke kawo yawancin mutane, suna sauka kuma sai su nufi Manhattan, ko waiwaye ba sa yi. Ni abin da ya kai ni faifai ne guda mai waƙoƙi 10, wanda kamfanin Arista ya fitar ranar 14 ga Fabrairu, 1985. Sunan mai shi aka sa masa: Whitney Houston. Shi ne kundinta na farko, tana da shekara 21 a duniya. Na daɗe ina son in ga garin da ya reni wannan murya, domin tun ina saurayi kunnena yake gaya mini cewa ba a situdiyo aka ƙera ta ba.

A Bronx na sauka, gidan yayata da ke aure a can, a unguwar da za ka ji Hausar Zangon Kumasi da ta Damagaram da ta Kano duk a bakin masallaci ɗaya. Da na faɗi inda za ni ranar Lahadi, sai ta aje ludayin da ke hannunta ta dube ni.

“Coci kuma? Duk wuraren da ke garin nan?”

Na ce, “Yaya, waƙa zan je ji. Baƙo zan shiga, baƙo zan fito.”

Ta ce to, amma ba ni kaɗai ba, ’yarta za ta raka ni don kada jirage su rikita ni. Yarinyar ɗalibar jami’a ce, haifaffiyar can. Abin da ta sani game da Whitney biyu ne: waƙar fim ɗin The Bodyguard, da labarin rasuwarta a otal. Haka yawancin sa’o’inta suka san ta, daga ƙarshe suka faro.

Jirgin yana fita daga tashar Penn ta Manhattan ya nutsa ƙarƙashin kogi, sai ya ɓullo cikin wata fadama mai dogayen ciyayi, ga gadojin ƙarfe da tsatsa ta ci, ga kwantenoni an jera su kan juna, ga hayaƙin masana’antu daga nesa. Lokacin kaka ne, ganyaye sun yi ja sun yi ɗorawa, sanyi yana ratsa riga. Muka ƙetare kogin Passaic muka shiga tashar Newark, tsohon gini na 1935 mai dogon rufi da bencinan katako da zaman mutane ya goge har suna sheƙi. Daga ƙasan tashar muka hau ƙaramin jirgin cikin gari muka sauka a Norfolk Street, muka taka zuwa titin Sussex.

Cocin New Hope Baptist ginin jan bulo ne marar ƙawa, a unguwar da babu abin da zai tsayar da mai wucewa. Tun 1903 aka kafa wannan jama’a. A bakin ƙofa wata dattijuwa ce ta tare mu, fararen kaya ne a jikinta har da farar safar hannu. Na gaya mata mu Musulmi ne, daga Najeriya na zo, saboda Whitney. Ta yi murmushin wadda ta saba jin haka, ta riƙe hannun ’yar yayata da ke cikin hijabinta, ta kai mu kujerun baya, ta miƙa mana mafici na kwali ɗaya ɗaya. Mata sun sha manyan huluna, tsofaffi sun sha kwat da taye, yara an gyara musu kai.

Da mawaƙa suka miƙe, ba da ƙarfi suka fara ba. Mai molon coci ya ja wani sauti a hankali, mai ganga ya bi shi da ɗan taɓi. Wata mata mai matsakaitan shekaru ta fito gaba ta ɗauki baiti ɗaya da murya ƙasa ƙasa, kamar mai yi wa maƙwabciya magana ta katanga. Na bayanta suka amsa. Ta maimaita baitin nan dai, ta ɗan ɗaga. Suka amsa. Ta sake, wannan karon ta kama gaɓa ɗaya ta lanƙwasa ta, ta hau da ita, ta sauko, ta sake hawa, ba ta ja numfashi ba. Wani tsoho a gabanmu ya ɗaga hannu ɗaya sama ya bar shi a nan. Tafi ya kama, ƙafafu suka shiga buga daɓe har ina jin motsinsa a tafin ƙafata. Can da ta kai ƙololuwa ta riƙe sautin, ta riƙe, har sai da na ji ni ne numfashi ke neman ƙwace wa, sannan ta sake shi a hankali ta koma ƙasa inda ta faro. Baiti ɗaya ne tak, ya ci kusan minti goma, kuma babu wanda ya gaji.

’Yar yayata ta matso ta raɗa mini, “Kawu, ai irin hawan muryar Whitney ke nan.”

Na ce, “Ɗiyata, ita ce ta ɗauka a nan.”

A wannan ɗaki Whitney ta fara yin waƙa ita kaɗai a gaban jama’a, tana da shekara 11. Mahaifiyarta, Cissy Houston, ta shafe fiye da shekara 50 tana jagorantar mawaƙa a cocin, kuma kowa ya san ba ta da sassauci wajen horo, ’yarta ma ba ta ɗaga mata ƙafa ba. Cissy ’yar gidan Drinkard ce, dangin da suka yi suna a waƙoƙin bishara tun shekarun 1950. Yayarta Lee ita ta haifi Dionne Warwick. Ita kanta Cissy ta yi shekaru tana amshi a ƙungiyar Sweet Inspirations, a bayan Aretha Franklin da Elvis Presley. Wannan siririyar muryar da ke shawagi can sama a waƙar Aretha mai suna Ain’t No Way, tata ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma gado kaɗai bai isa ba, kuma abin da ya fi burge ni a tarihin yarinyar nan shi ne tsawon lokacin da ta yi a baya kafin a ba ta gaba. Duk wanda ya san makaɗanmu na gargajiya ya san yadda abin yake: yaro zai yi shekara da shekaru yana amshi a bayan ubangidansa, yana koyon inda ake shiga da inda ake yin shiru, kafin ya kafa nasa kiɗan. Haka ta yi. Tana ’yar sakandare take bin uwarta situdiyo, ta yi wa Chaka Khan amshi, ta yi wa Lou Rawls. Da dare ta bi uwar gidajen rawa na Manhattan, irin su Sweetwater’s, ta tsaya a baya, sai tsakiyar wasa uwar ta miƙa mata makirufo ta yi waƙa ɗaya ko biyu ta koma wurinta. Kamfanoni sun nemi ɗaukarta tun da wuri, Cissy ta ce sai ta gama makaranta. Ta gama a 1981. A wannan shekarar hotonta ya fito a bangon mujallar Seventeen, abin da ba a saba gani ga baƙar yarinya ba a lokacin. Sai 1983 wani ma’aikacin Arista, Gerry Griffith, ya ji ta, ya jawo shugaban kamfanin, Clive Davis, ya zo ya ji da kunnensa. Ta sa hannu tana da shekara 19.

Bayan an tashi muka gangara cikin gari, wajen mahaɗar titin Broad da Market. Abin da ban manta ba shi ne yawan sallamar da na sha. Newark gari ne mai Musulmi baƙaƙen fata da yawa. Masu tebur suna sayar da turare da man shafawa da huluna, suna ganin hular kaina sai “Assalamu alaikum” ta fito da lafazin Amurka. Amma garin yana ɗauke da tabo. A Yulin 1967 ’yan sanda suka kama wani baƙin direban tasi suka lakaɗa masa duka, gari ya kama da wuta kusan mako guda, mutum 26 suka mutu, shaguna suka ƙone, masu hali suka kwashe nasu ya nasu suka bar garin. Whitney ba ta cika shekara huɗu ba a lokacin, domin ranar 9 ga Agusta, 1963 aka haife ta. Bayan tarzomar iyayenta suka koma East Orange, garin da ke manne da Newark, amma ba su sauya coci ba.

Tasi muka ɗauka zuwa East Orange. Gidajen katako ne masu baranda, kowanne da ɗan filin ciyawa a gaba, bishiyoyi a jere. Makarantar firamaren da ta yi, wadda a da ake kira Franklin, tun 1997 aka mayar da ita sunanta. Ranar hutu ce, ƙofa a rufe, muka duba daga waje muka wuce. A wani ɗan gidan abinci muka zauna, muka sayi shayi da soyayyen kifi, na ciro waya, na ba ’yar yayata kunne ɗaya na abin sauraro na riƙe ɗaya, muka saki kundin daga farko.

Ni a kaset na fara jin sa, a Kano, kwafin da wanmu ya sayo a Sabon Gari, hoton bangon ya dushe har ba ka gane launin rigar. A faifan asali rigar ruwan lemo ce, gashin an kwantar da shi baya, ga siririyar sarƙar lu’ulu’u a wuya, fuska babu dariya. Turancinmu a lokacin bai kai mu gane rabin abin da take faɗa ba, kuma hakan bai rage mana komai ba.

Clive Davis ya kwashe kusan shekara biyu yana tara waƙoƙi da masu haɗa kiɗa. Huɗu ne suka raba aikin: Kashif, Michael Masser, Jermaine Jackson da Narada Michael Walden. A bugun Amurka da You Give Good Love aka buɗe, aikin Kashif, wanda ya tashi a hannun masu riƙo a Brooklyn, daga baya ya karanci addinin Musulunci ya sauya suna. Da gangan aka fara tura wannan waƙa gidajen rediyon baƙaƙen fata, don ta samu gindin zama a gida kafin a fita da ita waje. Ta hau ta ɗaya a jerin waƙoƙin R&B, ta kuma tsallaka ta kai ta uku a babban jerin Billboard. Ka saurari yadda take shiga waƙar: babu gaggawa, babu nuna iyawa, sai can wajen ƙarshe take buɗe maƙogwaro. Mai shekara 21 da ke da irin wannan murya, a ce ta iya danne ta har minti uku, wannan horon titin Sussex ne.

Saving All My Love for You ita ce ta fara kai ta matsayi na ɗaya, a Oktoban 1985. Tsohuwar waƙa ce da Marilyn McCoo da Billy Davis Jr. suka yi a 1978, Masser ya sake mata riga, Tom Scott ya busa saksofon. Zancen wata mace ce da ke jiran mijin wata, kuma Cissy ba ta so ’yarta ta yi ta ba. Na fahimci uwar, ni ma ba zancen da zan yaba ba ne. Sai dai Whitney ba ta rera ta da alfahari ba. Abin da ake ji a muryar kaɗaici ne, na wadda ta san ba ta da rabo amma ta kasa tashi. Da wannan waƙa ta ci kyautar Grammy ta farko a Fabrairun 1986, kuma Dionne Warwick ce ta miƙa mata a kan dandamali. A wannan shekara an hana ta shiga takarar sabuwar mawaƙiya, saboda ta riga ta fito a waƙar Hold Me tare da Teddy Pendergrass a 1984, lokacin da yake farfaɗowa daga haɗarin motar da ya shanye masa jiki. Sade, haifaffiyar Ibadan, ita ta tafi da wannan kyauta.

Da How Will I Know ta shigo, ’yar yayata ta fara kaɗa kai tana buga cokali a tebur. Janet Jackson aka rubuta wa waƙar, mutanenta suka ce ba sa so, Walden ya ɗauka ya gyara. Cikin masu amshi har da Cissy: uwar da ’yar ta yi shekaru tana tsayawa a bayanta, yau ita ce a bayan ’yar. Bidiyon waƙar ya samu shiga tashar MTV sosai, a zamanin da tashar ba ta cika nuna baƙaƙen mawaƙa ba, balle mata.

Ba duka kundin ne ya tsufa da kyau ba. Waƙoƙin da Jermaine Jackson ya haɗa su ne masu rauni. Someone for Me kiɗan na’ura ne na yayin shekarun 1980, yau in ka ji sai ka ji ƙarfe ƙarfe, kuma a waƙoƙi biyun da suka yi tare muryarsa ba ta iya tsayawa kusa da tata. Akwai kuma inda aka zuba goge da kibod har suka yi yawa, don kada kunnen Bature ya ji wani abu ya yi masa kaushi. Wannan shi ne tushen ƙorafin da ya bi ta shekaru: wai an wanke ta, an cire mata baƙar fata daga murya don a sayar. Har ihu aka yi mata a bikin kyaututtukan Soul Train na 1989 da aka ambaci sunanta. Ƙorafin yana da gaskiya a kan kiɗan, amma a kan muryar zalunci ne. Wanda ya zauna a kujerun bayan New Hope da safe, ya saurari All at Once da rana, zai ji abu ɗaya ne: farawa ƙasa, maimaitawa, hawa mataki mataki, riƙe sauti, sannan saukowa. Kamfani ya zaɓi waƙoƙi, ya zaɓi riga, ya zaɓi hoto. Yadda ake numfashi da yadda ake lanƙwasa gaɓa, daga gida ta zo da su.

Kundin bai yi tashin gwauron zabo ba. Sai a Maris ɗin 1986, fiye da shekara guda da fitowarsa, ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, ya yi mako 14 a can jimilla, ya zama kundin da ya fi kowanne a jerin Billboard na wannan shekara. Waƙoƙi uku daga cikinsa suka hau na ɗaya a jere. An sayar da fiye da kwafi miliyan 20 a duniya, ban da irin namu na Sabon Gari da babu wanda ya ƙirga.

Da muka koma tashar Newark, ’yar yayata ta duba allon jirage ta ce, “Kawu, ga na Westfield nan. A can kabarinta yake, kusa da na babanta. Mu je?”

Na ce a’a. Whitney ta rasu ranar 11 ga Fabrairu, 2012 a wani otal a Beverly Hills, tana da shekara 48, bayan doguwar fama da shaye-shaye, aka kawo gawarta cocin nan na titin Sussex aka yi mata jana’iza ranar 18 ga watan. ’Yarta tilo ta bi ta a 2015. Cissy ta ga duk wannan da idonta kafin ta rasu a Oktoban 2024 tana da shekara 91. Labari ne mai ciwo, kuma an faɗe shi har ya yi yawa, a jaridu da finafinai, wasu da tausayi, wasu don ciniki. Ni farkon na zo nema, shi ne aka fi mantawa.

Maimakon haka muka koma Manhattan muka hau zuwa Harlem, titi na 125, gaban gidan wasa na Apollo, inda aka ɗauki bidiyon Greatest Love of All. Magariba ta kawo jiki, jajayen fitilun sunan gidan sun kama, masu sayar da littattafai da turaren wuta suna naɗe kaya. George Benson ne ya fara rera waƙar a 1977, don fim ɗin rayuwar Muhammad Ali. Linda Creed ce ta rubuta baitocin tana fama da cutar dajin mama, ta rasu a Afrilun 1986 tana da shekara 37, makonni kaɗan kafin waƙar ta hau matsayi na ɗaya da muryar Whitney. A bidiyon an nuna wata ƙaramar yarinya tana shirin hawa dandamali, Cissy tana ƙarfafa mata gwiwa, daga ƙarshe Whitney ta gama waƙa ta nufi gefen labule ta rungume uwarta. A ganina duk cikin abin da kamfanin ya shirya don tallata kundin, wannan ne ya fi kusa da gaskiyar yadda aka yi. Daga nan muka gangara titi na 116, inda ’yan Senegal suke da shaguna da masallatai, muka yi sallah, muka ci shinkafa da kifi, muka kama hanyar Bronx.

Mai karatu, in ba ka taɓa jin wannan kundi ba sai waƙa ɗaya ɗaya a rediyo, ka neme shi ka saurara daga ta farko har ta goma, ba tsallake, ka sa kunne musamman a kan You Give Good Love da All at Once. In kuma Allah ya kai ka New York, ka ware safiyar Lahadi guda: jirgin Newark daga tashar Penn yake tashi, cocin yana lamba 106 a titin Sussex. Ka sa kaya masu mutunci, ka zauna a baya, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini.